Laifi Tudu Ne: Gardamar Windows Da Mac Da Linux

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a mujallarmu in sa baki cikin wata gardama da ta daɗe tana cin lokacinmu a ɗakin kwana da wurin cin abinci. Gardamar kuwa ita ce, wace ce ta fi, Windows ko Mac ko Linux? Saboda 'yan'uwa waɗanda ba su shiga wannan sha'ani sosai ba tukuna, bari in ce ukun nan kowace uwar manhaja ce, watau manhajar da ke riƙe da kwamfuta duka. Ita ce ke tashi sa'ad da ka kunna, ita ke nuna maka fayilolinka, ita ke kai saƙo daga yatsunka zuwa firinta. Sauran manhajoji, na rubutu da na lissafi da na zane, duk a bayanta su ke goye.

Mutanen Windows su ne mafiya yawa, a nan da ko'ina. Bisa ga ƙidayar kamfanin StatCounter, a 2024 fiye da kashi 70 cikin 100 na kwamfutocin tebur da na cinya a duniya Windows ce a cikinsu, Linux kuwa a shekarar ce ta haura kashi 4. Mutanen Mac kaɗan ne a cikinmu, amma sun fi kowa ɗaga kai, gama kayansu da tsada. Mutanen Linux sun fi kowa ƙaranci, sun kuma fi kowa wa'azi. Abin da na lura shi ne, in ɗayansu ya tashi magana ba ya faɗin kirkin tasa, sai ya hau lissafa aibun ta wani. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

To, ni ga abin da na ke so in faɗa. Ukun nan duka suna da aibi, aibun kuwa an rubuta su da kwanan watansu, kowa yana iya dubawa. Mu kuma malamai za mu zama, ba wanda ya ɗauke mu dillanci. Abin da ya shafe mu shi ne yaron da zai zauna gaban na'urar nan, aiki ya ɓaci a hannunsa, ya koma gida yana tsammani shi ne daƙiƙi.

Turawa suna kiran kuskuren da ke ɓoye cikin manhaja ƙwaro. Sunan ya girmi kwamfuta, amma akwai labarin da ya sa ya shahara. Ran 9 ga Satumba 1947, masu kula da wata ƙatuwar na'urar lissafi ta Jami'ar Harvard a Amurka suka tarar da wani ɗan ƙwaro mai fiffike, irin mai bin fitila da dare, ya maƙale a cikinta. Suka cire shi, suka manna shi a littafin da su ke rubuta abin da ya faru kowace rana. Littafin yana nan a ajiye a gidan tarihi na Smithsonian. Labari ne mai daɗi, amma sunan bai gamshe ni ba, gama yana sa mutum ya zaci wani abu ne ya shigo daga waje, alhali kuwa ɗan Adam ne ya rubuta kuskuren da hannunsa.

Ga misali wanda ɗaliban lissafi za su ji daɗinsa. Windows 95 da Windows 98 suna da wani agogo a ciki, kowane sakan ya ƙidaya dubu. Wurin da aka tanada domin ajiye ƙidayar ba ya ɗaukar abin da ya kai 4,294,967,296. A rana ɗaya akwai sakan 86,400, watau ƙidaya 86,400,000. Ku raba da kanku, za ku sami kwana 49.7. In an bar kwamfutar a kunne har kwanakin nan suka cika, sai mudu ya cika ya zube, kwamfuta ta sandare. Sai a 1999 Microsoft ya sanar da wannan. Masu ba'a suka ce dalilin jinkirin shi ne, da wuya a sami wadda ta yi kwana 49 ba ta faɗi don wani dalili dabam ba.

Tun da mun kama Windows, bari mu ƙarasa da ita. Kowa ya san shuɗin allon nan da ta shahara da shi sa'ad da ta kasa. A watan Afrilu 1998, a wani babban taro a Shikago, shuɗin allon ya fito wa Bill Gates kansa a gaban jama'a, ana cikin nuna musu Windows 98. Wannan abin dariya ne, ba wanda ya yi asara. Amma na watan Oktoba 2018 ba abin dariya ba ne. Microsoft ya aiko da sabuntawa ga Windows 10, waɗansu mutane suka karɓa, da suka duba sai suka tarar takardunsu da hotunansu sun ɓace. Dalilin kuwa shi ne, akwai waɗanda suka taɓa gaya wa kwamfuta ta sauya wurin ajiye takardu, amma suka bar waɗansu fayiloli a tsohon wurin. Sabuntawar ta ɗauka tsohon wurin kango ne, ta share shi da abin da ke ciki. Bayan 'yan kwanaki kamfanin ya janye ta, bai sake fito da ita ba sai 13 ga Nuwamba. Ya ce waɗanda suka kai ƙara ba su wuce ɗaya cikin dubu goma ba. Na yarda, amma in kai ne ɗayan nan, kuma kundin binciken da ka shekara kana rubutawa ne ya tafi, lissafin bai ɗauke maka kome ba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, masu gwada manhajar kafin a sake ta sun riga sun ba da rahoton wannan ɓarna, rahoton ya nutse cikin dubban ƙorafe-ƙorafe, ba a ba shi muhimmanci ba.

Na 19 ga Yuli 2024 kuwa duniya duka ta ji shi. Ran nan Jumma'a, kwamfutoci wajen miliyan 8.5 masu Windows suka faɗi, jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka tsaya cik a ƙasashe da yawa. A nan sai mu yi adalci, gama kuskuren na wani kamfanin tsaro ne mai suna CrowdStrike. Shi ya aika da gurɓataccen fayil, ya kuwa janye shi cikin minti 78. Amma manhajarsa a can cikin zuciyar Windows ta ke zaune, saboda haka da ta yi tuntuɓe sai ta tafi da gidan duka. Gyaran kuma sai da mutane suka bi kwamfutoci ɗaya ɗaya da hannu.

Akwai kuma wani iri wanda ba kuskure ba ne, da gangan aka yi. A 2016, sa'ad da Microsoft ke matsa wa mutane su koma Windows 10, akwai lokacin da in akwatin tayin ya fito ka danna alamar nan ta rufewa a kusurwa, sai a ɗauka ka yarda. Tun da aka fara, alamar nan ma'anarta ita ce ba na so. Wata mace mai kamfanin tafiye-tafiye a Kalifoniya ta kai ƙara saboda an sauya mata manhaja ba da izninta ba, aka biya ta dala 10,000. Haka nan kuma ɗabi'ar Windows ta ɓoye wutsiyar sunan fayil, wadda ita ke nuna ko takarda ce ko manhaja. Da wannan ƙofa ƙwayar cutar nan ta wasiƙar soyayya ta bi ta game duniya a watan Mayu 2000. Duk wanda ya taɓa kai filashinsa shagon buga takardu ya dawo ya ga jakunkunansa sun zama inuwa, ya san dangin wannan cuta.

Mutanen Mac, na ga kuna murmushi. To, ku saurara. Ran 28 ga Nuwamba 2017 wani mai haɗa manhaja ɗan ƙasar Turkiyya ya tona cewa a cikin High Sierra, sabuwar uwar manhajar Mac ta shekarar, in ka rubuta kalmar root a wurin suna, ka bar wurin kalmar sirri ba kome, ka danna sau biyu ko uku, sai ƙofa ta buɗe, ka zama mai gida. Kai! Kamar a sayar maka da kwado mai tsada wanda kowane kara ke buɗe shi. Apple ya fito da gyara kashegari, ya kuma nemi gafara, wannan kam a yaba masa. Amma gyaran ya ɓata wa waɗansu hanyar raba fayil tsakanin kwamfutoci, sai da aka gyara gyaran. Makonni kaɗan kafin wannan, an gano cewa ita wannan manhaja, in ka kulle wani irin faifai ka roƙe ta ta tuna maka da alamar kalmar sirrinka, sai ta nuna kalmar kanta ɓaro-ɓaro.

Wajen sauƙin aiki ma Mac tana da nata halin. Ka danna jan maɓallin nan na kusurwa kana tsammani ka rufe manhaja, ashe tagar kaɗai ka rufe, ita tana nan tana aiki. Ka kawo babban faifai na waje wanda aka shirya shi irin na Windows, za ta karanta, amma ba za ta rubuta a ciki ba sai ka nemo wata dabara. Wanda ya fi haɗari shi ne wannan: in ka jawo jaka ka ɗora kan wata mai suna iri ɗaya, Windows takan haɗa abin da ke cikinsu, Mac kuwa in ka zaɓi a musanya sai tsohuwar ta tafi da dukan kayanta. Wanda ya saba da ɗaya ya koma ɗaya, a nan ya kan yi kuka. A 2019 kuma, da Catalina ta fito, tsofaffin manhajoji masu yawa da mutane suka saya da kuɗinsu suka daina aiki gaba ɗaya. Ba zan daɗe a kan Mac ba, gama makarantun da za a tura yawancinmu ba su da kuɗin sayenta.

Saura Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi kamarmu a Jami'ar Helsinki. Kyauta ce, kowa kuma yana iya buɗe cikinta ya duba. Labarinta da na fi so shi ne na ranar Talata. A 2008 masu aiki da Ubuntu, wadda ita ce irin Linux da aka fi sani, suka fara kuka cewa wani lokaci OpenOffice ba ta buga takarda a firintocin Brother. Yau ta ƙi, gobe ta yi. Masana suka yi ta ba da shawara, mutum ya bi shawarar, kashegari ya ga ta buga, ya yi godiya, bayan mako guda abu ya dawo. Aka yi watanni a haka. Sai a watan Afrilu 2009 wani mutum ya ce matarsa ta lura ran Talata ce kaɗai ba ta bugawa. Da ya bincika, ashe gaskiyarta. Kowace takarda da za a buga tana ɗauke da kwanan wata a kanta, Talata kuwa da Turanci a taƙaice Tue a ke rubutawa. Akwai wata 'yar manhaja mai aikin gane irin fayil, an yi nufin ta duba wani dogon kwanan wata wanda ya fara da Tue domin ta gane wani irin fayil dabam, amma saboda ɗan kuskuren rubutu, haruffa ukun nan kaɗai ta ke dubawa. Da ta gan su sai ta ce wannan ba takardar bugawa ba ce, firinta ta yi shiru. Ku lura da wanda ya gano bakin zaren: mai aiki da abin kullum, wadda ta riƙe ranaku a ka.

Kada mutanen Linux su ce ai wannan ɗan ƙarami ne. A Disamba 2017 kamfanin Canonical ya dakatar da raba Ubuntu 17.10, domin tana lalata manhajar nan ta can ƙasa wadda ke tayar da kwamfuta a waɗansu na'urorin Lenovo, har su kasa tashi daga filashi. Sai Janairu 2018 aka fito da gyararriya. A 2011 kuma masu GNOME da masu Ubuntu kowannensu ya sauya fuskar tebur gaba ɗaya, mutane suka wayi gari ba su san inda kayansu su ke ba, har waɗansu suka ɓalle suka kafa MATE da Cinnamon. Daidai abin da Windows 8 ta yi a 2012 ke nan da ta cire maɓallin farawa, aka yi ta kuka har aka mayar da shi. Babban aibin Linux a wurina ma ba wannan ba ne. Shi ne sa'ad da sauti ko firinta ko hanyar intanet ta ƙi aiki, ka nemi taimako, sai a ce ka buɗe baƙin allo ka rubuta waɗansu umarnai da ba ka san ma'anarsu ba. Malamin da ke ƙauye shi kaɗai da yara sittin, wa zai tambaya?

Yanzu mu zo kan yaro. Wani malamin jami'a a Amurka, Donald Norman, wanda daga baya ya yi aiki da Apple, ya buga littafi a 1988 inda ya nuna cewa in abu ya yi wuyar aiki saboda mugun tsari, mutane kansu su kan zarga, har su ɓoye don kunya. Misalinsa ƙofa ce wadda aka sa wa mariƙi irin na ja, alhali turawa a ke yi. Kowa ya zo ya ja, ya ji kunya. Laifin na kafinta ne.

Na ga wannan da idona a koyarwar gwaji. An tura ni wata makarantar firamare a unguwar Sabo, kwamfuta shida, yara fiye da arba'in a aji, kowa minti kaɗan ya ke samu. Wata yarinya 'yar aji biyar ta gama rubuta jimla uku da yatsa ɗaya, sai wani akwati ya fito da dogon Turanci da wata lamba, ta danna abin da ya fi kusa da hannunta, rubutun ya tafi. Ta janye hannuwanta ta ɗora a cinya, ta ce, "Malam, na ɓata." Na ce mata, "Ba ke kika ɓata ba, na'urar ce ta yi tuntuɓe." Duk da haka mako biyu tana ba wata layinta. Yarinyar nan ba ta san sunan uwar manhajar da ke ciki ba, ba ruwanta da gardamarmu. Abin da ta koya ran nan shi ne ita ba ta iya ba.

Kada a ce wannan ƙaramin abu ne. Tun 2015 jarrabawar JAMB duka a kan kwamfuta a ke yinta. A 2025 sakamako ya fito, yara masu ƙoƙari da yawa suka ga maki wanda bai yi kama da su ba, aka yi ta cewa yaran zamani ba sa karatu. Ran 14 ga Mayu shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito ya ce an sami kuskure a na'urori, gyaran da ya kamata a sa wa waɗansu manyan kwamfutoci bai shiga daidai ba. Cibiyoyi 157 abin ya shafa, a Legas da jihohin kudu maso gabas, yara kusan 380,000 suka sake zama. Wannan ba laifin Windows ko Mac ko Linux ba ne, na kawo shi ne domin mu ga wanda a ke fara zargi in na'ura ta yi kuskure. Da iyaye da malamai ba su ɗaga murya ba, da yaran nan sun haɗiye abin a kan su ne suka kasa.

Mu masu karatun Hausa muna da namu ciwon a kan wannan. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun shiga tsarin Unicode tun farkon shekarun 1990, ukun nan kuma kowace tana da hanyar rubuta su. Amma hanyar a binne ta ke, sai wanda ya sani ya tono ta, waɗansu salon haruffa kuma ba su da su sam, sai ka ga ɗan akwati a tsakiyar kalma, ko harafi ɗaya ya fita dabam da 'yan'uwansa. Saboda haka yaro ya kan rubuta baki yana nufin baƙi, kafa yana nufin ƙafa, kasa yana nufin ƙasa. Malami kuma ya ja jan biro ya rage masa maki.

In an matsa mini in zaɓa, ga ra'ayina. Microsoft ya daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, sai dai ƙarin wa'adin gyaran tsaro ga waɗanda suka yi rajista, Windows 11 kuwa ba ta karɓar yawancin na'urorin da aka ƙera kafin wajen 2017. Kwamfutocin makarantunmu galibi na hannu ne, tsofaffi, ga tsadar data, ga wuta da a ke ɗaukewa ana tsakiyar sabuntawa. Irin waɗannan, Linux mara nauyi za ta ƙara musu shekaru, amma da sharaɗi, sai an koya wa malami ita tukuna. Jihar Kerala ta Indiya ta mai da makarantun gwamnatinta kan Linux tun shekarun 2000, ta kuwa haɗa da horar da malamai. Birnin Munik na Jamus ya mai da kwamfutoci wajen 15,000, sa'an nan a 2017 majalisarsa ta ƙuduri komawa Windows. Ba na kuma so a raba yara da Windows ɗungum, gama ita za su tarar a yawancin ofisoshi. Abin da ya kamata mu koya musu shi ne aikin kansa: mene ne fayil, ina ya ke zaune, yaya a ke ajiye shi wuri biyu, yaya a ke karanta akwatin gargaɗi kafin a danna. Wanda ya haddace wurin maɓalli kaɗai, ran da aka matsar da maɓallin ya koma jahili, mun kuwa ga an matsar a 2011 da 2012.

Ina da roƙo ga hukumar Kwaleji, gyara kayanka kuwa bai zama sauke mu raba ba. A sa Linux a kan ko da kwamfuta huɗu ne na ɗakin kwamfutarmu, domin kowane ɗalibi ya taɓa iri biyu kafin ya fita. A kunna madannan Hausa a kan dukansu, a manna takardar da ke nuna inda ɓ da ɗ da ƙ su ke. Sa'an nan a ajiye littafi kusa da kowace na'ura, irin na mutanen Harvard, a ja masa layi huɗu: rana da sa'a, abin da mutum ke yi, abin da allo ya rubuta harafi da harafi, da abin da aka yi ya warware. Kada a sa layin sunan wanda abin ya faru a hannunsa, gama in an sa, ba mai rubutawa. Littafi mai shafi 80 zai isa zango guda, in kuwa hukuma ta yarda, ajinmu zai ɗauki nauyin saye da jan layin.